Addu'a Ga Masu Riga Ruwan Ɗorawa

A shekarun da muka zauna a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro a Amurka, ɗana na fari ya buga ƙwallon Amurka a wata ƙaramar kwaleji can wajen duwatsu tun daga shigarsa har fitarsa, kuma ban taɓa zuwa kallonsa ba. Na faɗi wannan da wuri ne don kada a zaci labarin uwa mai tafi da guɗa a bakin fili za a ji. Ba haka aka rene ni ba. A gidanmu a Kano uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Da wannan kunyar na hau jirgi, kuma ban ga dalilin da zai sa in bar ta a hannun 'yan kwastan ba. Har yau "yaron nan" nake ce masa, shi kuma ya daɗe da daina tambayar dalili.

Wannan shi ne uzurin da nake ba wa matanmu. Wanda nake ba wa Turawa kuwa aiki ne, don ranar Asabar ake wasan, ni kuma ranar Asabar ina wani katafaren kanti a titin Wendover ina ninke tawul da zannuwan gado, masu saye suna warwarewa ina sake ninkewa. Dalili na uku ban faɗa wa kowa ba, tsoro nake ji. A sashen da ake sayar da talabijin a kantin, duk akwatunan wasa ɗaya suke nunawa a jere, saboda haka idan aka buge mutum ɗaya sai ka ga an buge shi bango guda. Ƙarti ne sanye da hular kwano suna karo da juna da gangan. Aikin yaron nan a cikinsu shi ne a danƙa masa ƙwallo a ciki ya ruga da ita cikin taron, kowa kuma shi yake nema. Na koyi zagayawa ta wajen tukwane idan zan je banɗaki, don kada in bi ta gaban bangon nan.

Babansa ne yake zuwa. Mutumin da a Kano ko ƙwallon ƙafa a rediyo kawai yake saurara, sai ga shi yana musayar ranar aiki da abokansa a sito don ya samu Asabar, ya dawo gida murya a dishe yana bayanin abin da ba wanda ya tambaye shi. Ni dai in zuba masa abinci, in yi tambaya ɗaya, ko yaron da ƙafarsa ya fita daga filin. In ya ce e, to na gama jin labarin wasa.

Da shekararsa ta ƙarshe ta kama, yaron ya same ni a kicin ya ce yana so in zo ko sau ɗaya ne. Da Turanci ya faɗa, kamar yadda ya saba idan magana ta yi masa nauyi, ni kuma na amsa da Hausa. Na ce idan sun kai gasar ƙarshe, wadda ake tara manyan ƙungiyoyi a ƙarshen kaka, zan zo. Ba wayo na yi masa ba. Tsakani da Allah na yi niyya, har na je wajen shugabar sashenmu na kama wannan Asabar ɗin tun da sauran watanni. Tunanina shi ne in tara ƙarfin halina wuri ɗaya, in je babban wasa guda, in zauna can baya da mayafina, in gani, in dawo. Kuma ban yi shakkar za su kai ba, don kowa yana faɗin ƙarfinsu a shekarar. Na daɗe ina zaman aure da mai sauraron teburin ƙwallo a rediyo, na san yadda abin yake tafiya: wanda ya ci ya samu maki, wanda ya fi maki ya hau sama, babu ra'ayin kowa a ciki. Ban san Amurkawa sun ga wannan tsarin ya yi musu sauƙi da yawa ba.

A farkon kakar suka kara da wata kwaleji daga jihar maƙwabta, masu riga ruwan ɗorawa, waɗanda ake shakkarsu a duk yankin. Su yaron nan suka yi nasara. Babansa ya dawo kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Washegari yaron ya zo gida da kayan wankinsa, na zuba masa shinkafa, sai na ga ya ɗauki cokali da hagu. Na hau shi da faɗa, na ce wannan kuma sabon salo ne na kwaleji ko me. Ya mayar da cokalin dama, hannun ya taso rabin hanya ya tsaya. Da na matsa ya ɗaga rigarsa, na ga gefen ƙirjinsa tun daga hammata har ƙugu ya yi baƙi ƙirin da ja-ja a bakinsa. Babansa, wanda baki ba ya riƙe masa komai, ya ce ai abin haushin ma bayan an busa usur ne, yaron yana kwance a ƙasa wani ya faɗo masa da kai. Na tambayi wane ne a cikinsu. Yaron ya ce bai gani ba. Ƙarya yake yi, na san fuskarsa, amma duk yadda na juya shi ya ƙi faɗa.

A makon nan aka yi suna a gidan maƙwabciyata Hajiya, 'yar Maraɗi, wadda ta girme ni nesa kuma ita ce uwar duk wata Bahaushiya da ta sauka a unguwar. Falonta ya cika da mata, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, ana rabon waina da miya. Aka tambaye ni jikin yaron. Tunda ba zan iya zama in yi kukan ɗan fari a gaban jama'a ba, sai abin ya fito ta wata hanya. Na ce tunda an ƙi faɗa mini wanda ya yi, to dukansu ne, Allah ya sa masu rigar ɗorawan nan kada su ƙara ganin nasara da idonsu. Mata suka ce amin, wasu da dariya, wasu da gaske. Aka ci gaba da cin waina.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka ci masu ɗorawa. Ta bayanta ma aka ci su. Babansa ya mayar da abin al'ada, da ya shigo kafin ya cire takalmi sai ya ba ni labarin masu ɗorawa, wai yau mai jefa musu ƙwallo ya gurɗe, wai yau a mintin ƙarshe ƙwallo ta kuɓuce musu. Hajiya ta riƙa nuna ni a wajen taro tana cewa a kiyayi bakin wannan baiwar Allah. Ni kuwa daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Na san komai nufin Allah ne, amma na ji daɗin ganin cewa a ƙasar da ba a iya kiran sunana daidai, akwai abin da na faɗa ya tsaya.

Su yaron nan kuma suka yi ta cin wasa. Sau ɗaya tak aka ci su, a hannun waɗanda suka zama zakarun rukuninsu. A wasansu na ƙarshe a gida akwai al'adar da ɗalibai masu fita suke tako fili da iyayensu, a kira sunan yaro da na uwa da na uba a lasifika, a miƙa wa uwar fure. Da aka kwatanta mini sai da na ji kunya ta kama ni a zaune. Babansa ya je ya taka shi kaɗai, ya dawo mini da furen a kujerar baya. Na sa shi a kwalba na ce a raina ai akwai na gaba.

Ranar Lahadin da ta biyo baya yaron ya zo gida. Sanyi ya fara shiga, ganye ya rufe gaban gidan, ɗaliban da suke haya a maƙwabta sun daina zaman baranda. Ina yanka kuɓewa ya jawo kujera ya zauna, yana ta kaɗa ƙafa har teburin yana rawa. Na ce ya gaya mini garin da za a yi gasar don in san irin rigar sanyin da zan nema. Ya ce ba a tabbatar sun shiga ba.

Na ajiye wuƙar. Na ce sau nawa aka ci ku. Ya ce ɗaya. Na ce to wa ya fi ku. Sai ya fara bayani, rabi Hausa rabi Turanci, ni kuma ina katse shi. Ashe zakaran kowane rukuni ne kawai yake wucewa kai tsaye. Sauran 'yan guraben da suka rage, wani kwamiti ne yake zama a ɗaki ya jera ƙungiyoyi ya zaɓa. Kuma ba yawan cin wasa kaɗai suke dubawa ba.

"Strength of schedule suke kira, Mama," ya ce. "Ba za su ce nawa ka ci ba kawai. Za su ce wa ka ci. Kuma shi wanda ka cin, wa ya ci."

Ya ce ƙungiyoyin rukuninsu a bana duk ba su da ƙarfi, don haka cin su bai ɗaga kowa ba. Akwai wata kwaleji can arewa da aka ci sau biyu, amma da manya ta yi ta karawa, kuma a jerin da ake fitarwa kowane mako tana samansu. Na ce ai kun ci masu ɗorawa, da kunnena na ji babanka yana cewa babu kamarsu. Ya ce nan ne matsalar. Ranar da suka ci su, babbar nasara ce. Amma tun daga ranar kowa yake cin masu ɗorawa, kuma duk Asabar ɗin da aka ci su, nasarar su yaron nan tana ƙara raguwa a idon kwamiti.

Na ce wasan da aka riga aka buga, aka tashi, ka dawo da haƙarƙari baƙi, shi ne yake raguwa? Kamar a ce tuwon da ka ci jiya ya daina ƙosar da kai yau saboda mai gidan da ya ba ka ya talauce. Ya ce to haka dai abin yake. Na ce wannan ba wasa ba ne, shari'a ce, kuma shari'ar ma ta waɗanda ba su da aikin yi.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce masu ɗorawa suna da sauran wasa ɗaya, Asabar mai zuwa, a nan cikin Greensboro, da wata kwaleji mai ƙarfi. Idan suka ci, zai taimaka. Ba tabbas, amma zai taimaka. Ya ɗauki kan kuɓewa ɗaya yana juyawa a yatsa.

"Baba ya gaya mini abin da kika ce a gidan suna," ya ce. Yana murmushi, amma ƙafar ba ta daina kaɗawa ba. "Don Allah ki janye."

Wannan fa yaron ne da yake yi mini gardama a kan komai, wanda ya taɓa kawo mini littafi don ya nuna mini sanyi ba ya kawo mura. Na ce ya tashi ya ba ni wuri in yi girki.

Makon nan ban zauna ba. In na ɗora ruwa sai in manta abin da zan dafa. Na kwashe kwanukan da ke kabad ɗin sama na mayar ƙasa, washegari na mayar da su inda suke. A wajen aiki na ninke tawul ɗin wanka a layin na hannu har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya. Na riƙa sauka daga bas tun ban kai tashata ba in ƙarasa da ƙafa cikin sanyi, don kujerar tana ƙona ni. Kuma duk inda na juya maganar nan ake yi. Ashe shekara da shekaru a ɗakin hutunmu ita ce gardamar ranar Litinin, ni ce ban taɓa saurara ba. Wannan ya ce wata jami'a ba a ci ta ko sau ɗaya ba amma an ajiye ta a ƙasa, wancan ya ce ai ba ta kara da kowa ba. Da haka nake wuce su ina tunanin rashin abin yi ne, yanzu kuwa sai in tsaya a bakin injin shayi ina satar ji.

Janyewar ce ta gagare ni. Na zauna a kan sallaya na ɗaga hannu, baki ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, amma na san ba ta wuce silin ɗin ɗakin ba. Da na rufe ido sai in ga gefen ƙirjin nan. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Idan suka shiga gasar, da ƙartin da suka fi kowa girma a ƙasar za a haɗa shi. Idan ba su shiga ba, ya gama ke nan, da wuyansa da gwiwoyinsa lafiya, abin da na shekara huɗu ina roƙo. Rabin zuciyata so yake a ci masu ɗorawa a huta. Ɗaya rabin kuma yana tuna mini cewa idan babu wasa na gaba, to babu ranar da zan ga abin da ɗana ya iya, har abada. Ban taɓa jin kaina a rabe haka ba, kuma haushin kowa nake ji, har babansa da yake barci lafiya.

Ranar Alhamis na tsallaka gidan Hajiya na gaya mata. Tana tsinke zogale ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi dariya ba sai kaɗan.

"Ke da kika yi baki a gaban jama'a, a ɗaki za ki janye?" ta ce. "Kuma mutanen da ba ki taɓa gani ba, yaya za ki roƙa musu da zuciya ɗaya? Il faut aller. Ki je ki gan su da idonki. Ni zan raka ki, dama ban taɓa ganin wannan match ɗin nasu ba."

Na ce in ƙi zuwa kallon ɗana don kunya, in je kallon waɗanda suka kusa karya shi? Ta ce ai su ba ni na haife su ba, babu kunya a tsakaninmu. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini Asabar ɗin, ban gaya wa yaron ba, yana makaranta suna ta atisaye a kan tsammani. Babansa kuwa da ya ji sai da ya zauna a bakin gado ya yi dariya har da hawaye.

Bas muka hau daga Glenwood zuwa babbar tasha a tsakiyar gari, muka canja wata. Hajiya ta sha lulluɓi a kan rigar sanyi, ta taho da fulas na kunu. Filin bai kai yadda na zata ba. Bencuna ne na ƙarfe a gefe biyu, ɗaya cike da mutanen gari da masu ganguna, ɗaya kusan fayau, sai 'yan tsirarun iyayen da suka tuƙo mota daga jihar maƙwabta don su ga ƙarshen mummunar shekara. Can muka hau muka zauna. Wata Baturiya mai ƙiba, da hoton ɗanta manne a ƙirji, ta matso ta shimfiɗa mana rabin bargonta a gwiwa, ta tambayi wanne ne nawa. Na ce babu. Ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta ce to mun gode da zuwa.

Da suka fito, nemansa na fara yi, wanda ya faɗo wa yaron nan da kai. Na ce zan gane shi ta tafiyarsa ko ta girmansa. Duk iri ɗaya suke a cikin hular kwano. Sai da suka dawo benci a gabanmu suka cire hulunan na ga abin da ke ciki. Yara ne. Wani da ƙuraje a goshi, wani hancinsa yana yoyo saboda sanyi yana gogewa da bayan hannu, wani yana waiwayowa yana neman uwarsa da ido sannan ya yi kamar ba ita yake nema ba. Hajiya ta zuba mini kunu.

Na tambayi Baturiyar wanne ne ake ba wa ƙwallo ya gudu da ita, ta nuna mini wani gajere mai faɗin kafaɗa da yake tsayawa can baya. Daga nan ban ƙara kallon kowa ba sai shi. Da farko na riƙa rufe ido duk lokacin da aka danƙa masa. Sannan na buɗe ɗaya. Na ga ashe ba faɗa wa taron yake yi kamar mahaukaci ba, jira yake yi. Zai karɓa, ya ɗan yi jinkiri a bayan manyan da ke gabansa, ƙafafunsa suna ta motsi, har wata 'yar kafa ta buɗe wadda ni ban gani ba sai da ya riga ya shige ta. Wani lokaci a kama shi nan take a tara masa jiki, ya tashi ya miƙa wa alƙali ƙwallo ya koma wurinsa. Wani lokaci ya yi kamar zai bi dama, mutum ya taho a guje, ya bar shi yana rungumar iska. Ban san sa'ad da kafaɗata ta fara bin sa ba, sai da Hajiya ta ce in daina zungurinta.

Da aka tafi hutun rabin lokaci muka zaga bayan bencunan muka yi la'asar a gindin shinge, a kan mayafin Hajiya. A sujada addu'ar ta zo da kanta, ban kira ta ba. Na ce Allah na janye abin da na faɗa, 'ya'yan mutane ne, ka ba su nasara yau, ka fitar da su lafiya, har wanda ya yi. Na ji ta tafi.

Wasan ya yi ta ja har ƙarshe, wannan ya wuce wancan ya kamo. Rana ta yi ƙasa, bencin ya yi sanyi kamar ƙanƙara, ni kuwa gumi nake yi. Saura kaɗan a tashi aka danƙa wa gajeren nan ƙwallo kusa da layi, aka rufe shi, tarin ya tsaya cak, sannan ya fara matsawa a hankali har ya faɗi ta can gefen layin. Masu ɗorawa sun ci wasan. Baturiyar ta rungume ni tana kuka a wuyana. Na tarar da kaina a tsaye, bargon a ƙasa, kuma wai har guɗa aka ji, Hajiya ta ce ni ce, ni na ce ita ce.

A bas ɗin komawa na riƙa tsara abin da zan sa, da abin da zan dafa in tafi da shi, da inda zan zauna. Na fasa zaman can baya.

Washegari da rana kwamitin ya fitar da sunaye. Yaron ya bugo wa babansa waya daga makaranta, ina tsaye a bakin ƙofar falo. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga babansa ya zauna a hankali. Ba su shiga ba. Nasarar masu ɗorawa ta ɗaga su, amma ba ta kai ba. Kwalejin nan ta arewa da aka ci sau biyu ita aka ba wa gurbin ƙarshe, saboda nauyin waɗanda ta kara da su. Na tambayi su wane ne a kwamitin, mutum nawa ne, a wane gari suke. Babansa ya ce don girman Allah in rufe bakina haka nan, ya isa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Abin da na shekara huɗu ina roƙo ya tabbata, ɗana ya gama da jikinsa cikakke, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammacin ba.

Sai da aka yi hutun ƙarshen wata ya zo gida. Ya ɗan rame, ba ya magana, ya wuni a ɗaki. Kafin ya iso Hajiya ta riga ta baza labarin zuwanmu, har a masallaci maza suna tsokanar babansa. Da la'asar ya fito ya same ni ina tuƙa tuwo, ya jingina da firji ya ce wai da gaske ne. Na ce da gaske ne, kuma kada ya cika ni da surutu. Ya yi dariya, ita ce ta farko tun zuwansa. Ya tambayi abin da na gani.

Na rufe tukunyar na ba shi labari. Na gaya masa gajeren nan, yadda yake jira a bayan manya, yadda yake yaudarar mutum da kafaɗa, yadda aka rufe shi a bakin layi ya ƙi faɗuwa. Har kwatantawa na yi da muciya a hammata. Ya daina dariya yana saurare, yana gyaɗa kai, wani wuri ya gyara mini, wani wuri ya ce e, haka ne, daidai kika gani. Ya ce ya san yaron, sun gaisa bayan wasansu, yana da kyau. Sai ya sunkuyar da kai.

"Na fi shi, Mama," ya ce da Hausa. "Wallahi na fi shi."

Na buɗe baki in ce na sani. Ya ɗago yana jira. Amma ni ba na shaidar abin da ban gani ba, shi ma ya san haka, don ni na koya masa. Muka tsaya haka, tukunya tana ta huci a bayana. Can ya gyaɗa kai, ya buɗe kabad ya fara fito da kwanuka.